Ɗumamen biredi ne, ba cimar 'yan gayu ba

Akwai abincin da hoton waya ya ɓata wa suna, kuma wannan da ake kira tos ɗin Faransa yana sahun gaba. Duk wadda ta gan shi yadda ake nuna shi a Instagram, yanka uku an ɗora wani bisa wani, an barbaɗe da garin sukari fari fat, ga jajayen 'ya'yan itace a gefe, ga wani ruwa mai zaƙi da kalar zuma, wanda ake kira mefil, yana gangarowa a hankali, dole ta ɗauka cimar masu hannu da shuni ce. Alhali biredi ne da ya kwana, aka tsoma shi cikin ƙwai da madara, aka soya. Iyakarsa ke nan. Abin da muke yi wa tuwon jiya da safe, shi Bature yake yi wa biredinsa don kada ya zubar. Ɗumame ne, kuma ban ga abin da zai sa 'yar Zazzau ta ji tsoron ɗumame ba.

Ƙanwata da ke aure a Samarun Zariya ce ta sa na ɗauko maganar. Saƙon murya ta turo min: "Yaya, don Allah in za ki yi aike ki haɗo min da ruwan mefil ɗin nan ko kwalba ɗaya ce. Yara sun dame ni da biredin nan da suke gani a waya, ni kuwa ba ni da kayan haɗinsa." Na ce ta lissafo min abin da ke kicin ɗinta a lokacin. Rabin biredi tun na shekaranjiya, ƙwai, madarar gari, man shanun da surukarta ta aiko daga ƙauye, albasa, attaruhu, citta, kanumfari. Wato komai yana gabanta, har da wasu abubuwan da maƙwabtana a nan birnin Montiriyal na ƙasar Kanada sai sun je kantin Indiyawa ko na Larabawa kafin su samu. Abin da ta rasa kawai shi ne mai ce mata wannan ya isa.

A garin nan, ranar Asabar da Lahadi da hantsi, za ki ga layi a ƙofar gidajen cin abinci, mutane cikin manyan rigunan sanyi suna jiran a ba su tebur. Sun haɗe karin kumallo da abincin rana sun mai da shi shagali, kuma soyayyen biredin nan na cikin abin da aka fi nema. Kuɗin faranti ɗaya zai saya miki biredi da ƙwai da madarar da za su ciyar da gida guda, har da canji. Wannan bai dame ni ba, kowa da yadda yake kashe kuɗinsa. Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda ake yinsa a gida. Biredin leda na kantunan nan yana kai mako bai canza ba, saboda sinadarin hana lalacewa da ake sa masa. Sai ki ga mace ta je ta sayo sabon biredi mai tsada, irin wanda ake kwaɓawa da bota da ƙwai, ta yayyanka, ta kunna tanda ta busar da shi da gangan, don littafin girki ya ce sai da busasshe abin yake yin kyau. Abincin da aka ƙirƙiro don ceton biredin da ya tsufa, yanzu sabo ake saye a tsufar da shi da wutar lantarki. Mu kuwa da iskar hunturu take yi mana wannan aikin kyauta cikin dare ɗaya, mu ne muke ganin abin ya fi ƙarfinmu.

Faransawa ma ba su suka fara ba. A wani tsohon kundin girki na Rumawa da ake danganta wa Apicius, wanda aka tattara wajen ƙarni na 4 zuwa na 5, akwai bayanin yadda ake gutsuttsura farin biredi a jiƙa a madara, a soya da mai, a zuba zuma. Daga nan duk inda biredi ya zama abincin yau da kullum sai ki tarar da irin nasu. Mutanen Sifaniya suna yin nasu da kirfa lokacin azuminsu na gabanin Ista, na Fotugal da Barazil lokacin Kirsimeti. A Hong Kong markaɗaɗɗiyar gyaɗa suke shafawa tsakanin yanka biyu, su tsoma a ƙwai, su soya cikin mai tsundum, su kwarara madara mai kauri a kai. Indiyawa kuwa albasa da ɗanyen barkono suke sawa. Babu wanda ya jira a aiko masa da kwalba daga Kanada. Kowa abin da ke hannunsa ya duba.

Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa jin zafin zubar da biredi. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawar Najeriya da ita daga waje ake shigo da ita, har daga nan Kanada, shi ya sa duk lokacin da naira ta faɗi biredi yake tashi ko ya ƙanƙance. Tun tsakiyar 2023 da aka cire tallafin man fetur, duk mai sayen biredi a Tudun Wada ko PZ a Zariya ya san ba labari ba ne. Amma har yanzu a gidaje da yawa, da zarar ya kwana biyu ya yi tauri, sai a miƙa wa awaki, ko a bar shi a leda har ya yi fumfuna.

Taurin nan kuwa ba lalacewa ba ne. Sitacin da ke cikin fulawa ne yake sake ɗaurewa bayan biredi ya huce, ya saki ruwan da ya riƙe lokacin gashi. Da ya ji zafi sai ya sake saki, taushin ya dawo. Shi ya sa biredin da ya bushe ya fi sabo dacewa da wannan aikin: yana shan ruwan ƙwai har cikinsa ba tare da ya dagargaje ba, sabo kuwa kina tsoma shi zai narke miki a hannu. Firij ma, da mutane ke ganin yana adana biredi, gaggauta taurinsa yake yi, wanda a nan riba ce. Fumfuna ce kawai babu sulhu da ita. In kin ga ɗigon kore ko baƙi, ko ya fara warin tsami, kada ki yanke wajen ki ce sauran lafiya lau, a biredi mai taushi saiwarta tana ratsawa inda ido ba ya gani. A zubar.

Yanayin Zariya shi zai gaya miki yadda za ki yi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ki yanka biredin da dare, ki jera a faifai, ki rufe da abin da iska za ta ratsa, da asuba ya yi daidai. A damina kuwa, musamman watan Agusta da ko tufafi ba sa bushewa, barinsa a waje gayyatar fumfuna ce. Gara ki ɗora yankan a busasshen kasko, wuta ƙasa-ƙasa, ki juya su har su ɗan yi ƙarfi. Sannan biredinmu ba irin na sanda ba ne da ake ci a Nijar da Faransa, mai ɓawo mai tauri wanda sai an bar shi ya daɗe cikin ruwan ƙwai. Namu mai taushi ne, mai zaƙi. Saboda haka ki sayi wanda ba a yanka ba, ki yanka da kanki da kaurin yatsa biyu. Wanda injin ya yanka ya cika siranta, kafin ki ɗago shi ya rabe biyu.

Ga yadda na kwatanta wa ƙanwar tawa. Ƙwai biyu, rabin kofin madara, gishiri abin da yatsu biyu za su ɗauka. Wannan zai ishi yanka huɗu. In madarar gari ce, a dama cokali biyu da ruwan ɗumi a bari ta huce. In ta gwangwani ce, a sirka da ruwa rabi da rabi. A kaɗa da cokali mai yatsu ko maburgi har sai an daina ganin yauƙin farin ƙwan, don duk inda ya rage a dunƙule, nan zai soyu daban ya bar farin tabo mai ƙarni. Ƙarnin nan shi ne abin da ya fi korar Bahaushe daga abincin ƙwai da madara, maganinsa kuwa yana cikin kayan shayinmu: garin citta kaɗan, kirfa, ko a kankaro bayan lemon tsami. A juye haɗin a faranti mai faɗi. A kwantar da yanka a ciki, a ƙirga goma, a juya, a ƙirga goma, a ɗago a bar rarar ta ɗige. In kika latsa tsakiyarsa kika ji ya yi nauyi amma bai saki jiki ba, ya sha daidai.

Wajen wuta ne mafi yawan mutane suke faɗuwa. Ƙwai yana daskarewa ne wajen digiri 70, zafin da bai kai na tafasar ruwa ba, amma sai zafin ya ratsa har tsakiyar yankan, kuma wannan yana son lokaci. In wuta ta yi yawa, bayan zai yi baƙi, cikin kuwa ɗanye shakaf. A gas, a rage ta ƙasa da matsakaici. A kurfoti, a bari garwashin ya yi toka a sama, a janye rabi gefe. Minti biyu zuwa uku kowane gefe, kuma kada a yi ta ɗagawa ana leƙe. Za ki ji ƙarar suyar tana raguwa, gefen yankan ya bushe ya daina sheƙi, sai ki zura cokali ki juya. In ya nuna, tsakiyar tana ɗan kumbura, kina latsawa tana dawowa, babu ruwan da ke fitowa.

A nan man shanunmu ya yi wa botar Turawa nisa. Bota tana da ruwa da ɓurɓushin madara, da ta ji zafi sai ɓurɓushin ya ƙone ya yi ɗaci, shi ya sa masu girkin nan suke sirka ta da mai, ko su sayi tatacciyar bota ta Indiyawa da tsada. Soyayyen man shanu an riga an kore masa ruwan, an tace gyaɗon, yana jure wuta, ga ƙamshin da babu botar da ta kama ƙafarsa. Sai dai a lura, gidaje da yawa da albasa ake soya shi. Wannan a ajiye shi don mai yaji. Mai zaƙi yana son wanda aka soya zalla, in babu kuma man gyaɗa cokali ɗaya ya wadatar.

Sai maganar ruwan mefil da aka aiko ni nema. Ba zan rage masa daraja ba, yana da daɗi, kuma mutanen nan lardin Kebek, inda Montiriyal take, suna da hujjar alfahari da shi, don kusan kashi 70 cikin 100 na wanda duniya take sha daga nan yake fita. Ruwan jikin itace ne, itacen da ganyensa ke kan tutar Kanada. A ƙarshen sanyi, wajen Maris da Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta narke, ake huda itacen a tari ruwan, a yi ta dafawa. Sai an ƙone kusan lita 40 kafin a sami lita ɗaya. To wannan aikin, a tatsi ruwan tsiro a dafa har ya yi kauri, shi ne dai aikin da masu rake suke yi a ƙasar Maƙarfi, nan bayan gidanmu, su fitar da mazarƙwaila. Ki fasa guda ɗaya a ƙaramar tukunya, ki zuba ruwa kwatan kofi, ki jefa ɗanyar citta da kanumfari biyu, ki bari ta narke ta ɗan yi danƙo a bayan cokali, ki tace saboda ɗan tsakuwa da ɓawon rake da ba a rasawa. Na ajiye wa baƙi 'yan ƙasar nan wannan da nasu a tebur ɗaya, kwanon mazarƙwailar ne ya fara ƙarewa. In babu ita, ga zuma, ga dabinon da aka jiƙa aka markaɗa.

Abu ɗaya da zan roƙa: kada a zuba sukari cikin ruwan ƙwan. Masu nuna girki a waya suna yi, don biredinsu ba shi da zaƙi. Namu tun daga gidan biredi an cika shi da sukari. In kika ƙara, na farko zai kama kasko ya ƙone kafin cikin ya nuna, na biyu kin haɗa wa yara zaƙi uku a faranti ɗaya, na biredi, na haɗi, na abin da za a zuba a kai, ga kuma shayi mai madara a gefe. Gidan da babu mai ciwon sukari a dangi yanzu sai an tona.

Ni dai in za a bi ta tawa, mai yaji ne namu. Mu Zage-zagi da ake yi wa tsiya da fate, bakinmu da safe ya fi sabawa da gishiri da yaji da ɗan tsami, kuma ɗan'uwan wannan abincin yana bakin titinmu tun ba yau ba. Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi a Samaru da daddare, wajen ƙofar jami'a, ya ga yadda ake yi. "Malam, ƙwai biyu, a sa attaruhu da yawa." Ya fasa su a kofin roba da hannu ɗaya, ya yanka albasa a tafin hannunsa ba tare da ya duba ba, ya murmushe magi, ya kaɗa, ya kwara a kaskon da mai ke hayaƙi. Kafin saman ya daskare ya tsaga biredi ya kifa a kai, ya juya, ya danne da gindin faranti har biredin ya lafe ya yi ja. Bambancin kaɗan ne. A wajen mai shayi ƙwan yana tsayawa a waje ko a tsakiya, biredin yana shan mai. A wannan kuwa ƙwan ne yake shiga cikin biredin, su zama abu guda, man kuma kaɗan ake buƙata. Kanawa ma suna da bandashensu, gurasa a tsoma a ruwa, a bi ta da ƙuli da yaji da mai da albasa. Jiƙa abin fulawa a ci da yaji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

In za ki yi mai yajin, ki rage madarar zuwa cokali uku ko huɗu. Albasar gogawa za ki yi, ba yankawa ba, attaruhun kuma ki jajjaga shi ya yi laushi, domin manyan gutsattsari ba sa manne wa biredin, zubewa suke yi su ƙone a kasko. Magi rabi, masoro kaɗan, lawashi in akwai. Da ya sauka a barbaɗa yajin ƙuli tun da zafinsa, a yanka tumatir da kabeji a gefe. Ranar da aka samu sauran dambun nama ko kifin gwangwani, a zuba tsakanin yanka biyu sirara, a matse bakin, a tsoma gaba ɗaya a soya. Wannan sai an ƙara masa minti ɗaya kowane gefe. Gwauraye da ɗaliban jami'a na Kongo da Samaru, ku ma da ku nake: kasko ɗaya ne da faranti ɗaya, babu wanke-wanken da zai hana ku zuwa lacca. Turawan Ingila ma haka suke cin nasu a gida, da gishiri da masoro da miyar tumatir ta kwalba, babu wani sukari.

Akwai kuma lissafin da uwar gida za ta gane. Yara huɗu, in kowa za a soya masa ƙwansa, huɗu ke nan, kuma sai an yi rigimar na wane ya fi girma. A nan ƙwai biyu sun zagaya kowa, kowa ya tashi da nauyin ciki. Abin takaici ne a ce garin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika take, inda aka samar da kazar ƙwai ta ShikaBrown, uwa tana ƙirga ƙwai kafin ta fasa, amma haka zamanin ya zo, kuma girkin da ke miƙa ƙwai biyu su kai bakin mutum huɗu ya cancanci a san shi.

Wannan ya kawo ni ga wanda babu ƙwai sam. A nan akwai mutanen da ake kira 'yan bigan, ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba: nama, kifi, ƙwai, madara, har zuma. Ƙungiyarsu ta farko a Ingila aka kafa ta a 1944, Donald Watson na cikin waɗanda suka kafa. Da na gaya wa Inna a waya, shiru ta yi, sannan ta ce, "To su me aka bar musu?" Na ce, "Inna, wake da gyaɗa da ganye, irin abin da kuke ba mu in wata ya yi nisa." Ta ce ashe ta daɗe da shiga ƙungiyar ba ta sani ba. Ni ba aƙidata ba ce, abin da Allah Ya halatta ba na haramta wa kaina, amma na zauna da su, na ci abincinsu, kuma na ga sun yi wa girki hidimar da za ta amfane mu. Akwai yaron da ƙwai ke sa wa ƙaiƙayi da kumburi, akwai babban da madarar shanu ke ɓata wa ciki, akwai kuma ranar da kiret ya ƙare albashi bai zo ba.

Aikin ƙwai a wannan girkin biyu ne, ya ɗaure ruwan kada biredin ya zama kunu, ya kuma ba shi ɓawo mai ja. 'Yan bigan suna maye gurbinsa da garin wani wake na Indiya, su dama da madarar waken suya ko ta hatsi, wasu su ƙara wani baƙin gishirin Indiyawa mai warin dafaffen ƙwai don a yaudari hanci. Duk wannan a kanti suke saye da tsada. Najeriya kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen noman wake, cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru ta daɗe tana fitar da ingantattun irinsa, kuma babu unguwar da ba a surfa shi a markaɗa kullum safiya. Ki ɗebi ƙullun ƙosai ludayi ɗaya, wanda aka riga aka buga da albasa da attaruhu, ki sassauta shi da ruwa har ya riƙa zuba daga cokali ba tare da yankewa ba. Ki tsoma biredin, ki soya da man gyaɗa a wuta ƙasa-ƙasa, ki ba shi lokaci fiye da na ƙwai, don ɗanyen wake yana da gafi kuma ciki ba ya yafe masa. Abin da zai fito ba ɗanɗanon ƙwai ba ne, kada wani ya ruɗe ki. Ƙosai da biredi ne da muka saba ci, sai dai wannan karon a jiki ɗaya suke, bayan yana ƙaras-ƙaras. A bakina ya fi na gidajen abincin nan.

Mai zaƙin kuwa sirrinsa yana cikin robar kastad da ke kan kanta a kusan kowane gida. Garin kastad ba shi da ƙwai tun asali. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, shi ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai. Sitacin masara ne da kala da ƙamshi. Cokali biyu a kofi ɗaya na kunun aya mai sanyi, a dama sosai, a sa gishiri kaɗan da kirfa. Sitacin yana kwantawa a ƙasa, saboda haka kafin kowane tsomi sai an sake juyawa. Da ya ji wuta yake kamawa ya yi ɓawo siriri mai sheƙi, ayar kuma ta ba shi gardin da madarar hatsin kantunan nan ba ta da shi. Sharaɗin dai kunun ya zama na ranar, don aya ba ta da haƙuri, in babu sanyi kafin yamma ta yi tsami. Madarar waken suya ma tana yi, wadda masu awara suke tacewa kafin su zuba ruwan tsami. Ki je da kofinki da sassafe ki roƙi maƙwabciya. Wasu suna dama ayaba nunanna a madadin ƙwai. Ni ban ba da shawararta ba: tana kama kasko, tana baƙi da wuri, kuma duk abin da aka sa a ciki ayaba kawai za a ji. Wanda yake yi don lalurar jiki kuma ya duba takardar kastad ɗin, akwai mai haɗe da madara, ya kuma tambayi gidan biredin, don wasu suna sa madara ko ƙwai a kwaɓinsu.

Da azumi, mai yajin ya fi dacewa da sahur, musamman na ƙullun wake, yana riƙe ciki kuma ba ya jawo ƙishirwa irin ta mai zaƙi, in dai an sassauta gishiri da magi. Ana iya yanka biredin a haɗa ruwan ƙwan tun dare a sa a firij in akwai wuta. In babu, kada a bar ɗanyen ƙwai da madara su kwana a zafi, a fasa da asuba, ba ya cin minti goma. Na 'yan makaranta kuma kada a sauke daga wuta a danna a kula a rufe, tururinsa zai dawo masa ya yi laɓo kafin a fita tara. A jera shi a faifai ya sha iska tukuna, a shimfiɗa takarda mai tsabta a ƙasan kular, yajin ko mazarƙwailar kuma a ƙulla musu daban su zuba da kansu.